Yadda Ake Zana Teguk, Tambarin da Ke Tsakiyar Tutar Koriya ta Kudu, da Yadda Ake Karanta Shi

Bara ƙungiyar tekwando da ɗana ke zuwa ta shirya bikin ɗaura wa yara sabuwar ɗamara, sai malaminsu ya ba wani mai buga alluna aikin tutar Koriya ta Kudu, don a rataya ta kusa da tamu. Da aka warware ta a fili sai ga shuɗi a sama, ja a ƙasa, baƙaƙen sandunan da ke kusurwoyinta kuma kowanne ya bar gurbinsa. Malamin ya daɗe yana kallonta, sannan ya naɗe ta ya cusa a jaka, aka yi biki babu ita. Ya ce mini gara a rasa da a rataya tutar mutane kai a ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba mugunta mai bugawar ya yi ba, bai san cewa kowane layi a jikin tutar nan da ma'auninsa da ma'anarsa ba ne. Daga ranar na zauna na koyi zana ta da hannuna, kuma a wurin zanen ne na fahimci abin da take faɗa.

Da'irar nan mai ja da shuɗi ita ake kira teguk, a rubutun boko na Koriyawa Taegeuk. Tutar kanta sunanta Tegukki, wato tutar teguk. Ka tanadi farar takarda mai kauri ko kwali, rula, fensir mai tsini, kilina, kamfas, da launi uku: ja, shuɗi da baƙi. Idan babu kamfas, zare da ƙusa sun wadatar, ka dai tabbata zaren ba mai miƙewa ba ne.

Mataki na farko: fili da cibiyarsa

Tsawon tutar kashi 3 ne, faɗinta kashi 2. Ni na fi son santimita 36 a kwance da 24 a tsaye, saboda duk lissafin da zai biyo baya yana fita ba tare da wahala ba. Mai son babba ya ninka komai sau biyu, ya yi 72 da 48. Ka zana wannan murabba'in, sannan ka ja siririn layi da fensir daga kusurwar hagu ta sama zuwa kusurwar dama ta ƙasa, ka ja wani daga dama ta sama zuwa hagu ta ƙasa. Inda suka gicciye nan ce cibiya. Kada ka danna fensir, don daga baya za a goge su, amma kada ka goge su yanzu. Duk abin da za ka zana a kan layukan nan biyu zai zauna.

Filin fari ake barinsa. Koriyawa sun daɗe suna kiran kansu mutanen farar tufa, saboda yadda kakanninsu suka riƙe farin kaya a matsayin suturar yau da kullum, kuma a tutar farin yana nufin tsarki da son zaman lafiya.

Mataki na biyu: da'ira da layin da ya raba ta

Faɗin da'irar rabin faɗin tutar ne. A ma'auninmu santimita 12 ke nan, don haka ka buɗe kamfas santimita 6, ka kafa a cibiya, ka zagaya.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Ka kalli layin da ya taso daga hagu ta sama ya gangara dama ta ƙasa, shi kaɗai, ka manta da ɗayan tukuna. Wannan layin ya ratsa da'irar, cibiya ta raba shi biyu, santimita 6 a hagu, 6 a dama. Ka auna santimita 3 daga cibiya zuwa hagu a kan layin ka ɗiga alama, ka yi haka ta dama. Ka rage kamfas zuwa santimita 3. Ka kafa a alamar hagu ka zana rabin da'ira a ƙarƙashin layin, daga bakin babbar da'ira zuwa cibiya. Ka kafa a alamar dama ka zana rabin da'ira a saman layin, daga cibiya zuwa ɗaya bakin. Hagu ƙasa, dama sama. Ka maimaita wannan a bakinka kafin ka sa kamfas, don idan ka juya shi ka zana tutar da ake gani a madubi.

Idan ka ɗaga hannu za ka ga lanƙwasa guda ɗaya mai santsi ta raba da'irar. Abin da ke samanta ja ne, abin da ke ƙasanta shuɗi. Jan yana da ƙaton kai a hagu, wutsiyarsa ta sirance ta tafi dama. Shuɗin kansa yana dama, wutsiyarsa ta bi ta ƙasa ta koma hagu. Ba a sa ɗigo a cikin ko wannensu. Wancan mai fari da baƙi da ɗigo biyu da ake gani a finafinan faɗa na Sin, ɗan'uwansa ne, amma ba shi ne na tutar Koriya ba.

Kafin ka shafa launi, ka ɗan tsaya ka kalli wannan lanƙwasar, don ita ce zancen gaba ɗaya. Jan sunansa yang, shuɗin sunansa eum, abin da Sinawa ke kira yin. Asalin kalmomin biyu daga dutse suka fito: yang shi ne gefen da rana ke bugawa, eum gefen da ke inuwa. Shi ya sa ma tsohon sunan birnin Seoul ya kasance Hanyang, wato gefen kogin Han da ke samun rana. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa. Yang ya ɗauki haske, zafi, motsi, sama da namiji. Eum ya ɗauki duhu, sanyi, natsuwa, ƙasa da mace.

Kuskuren da na fi ji a bakin mutanenmu shi ne a ce ja alheri ne, shuɗi sharri, ko kuma yaƙi ne tsakanin haske da duhu. Ba haka ba ne ko kaɗan, kuma kamfas ɗin da ke hannunka ya riga ya nuna maka. Da buɗi ɗaya ka zana rabin da'irorin biyu, don haka babu wanda ya fi wani girma ko da ƙwayar gero. Kuma da gaba ake nufi, da miƙaƙƙen layi za a ja a tsakani kamar katanga. Nan kuwa inda ja ya kai iyakar kaurinsa, a gefensa ne siririyar wutsiyar shuɗi take, inda shuɗi ya cika ya batse, nan ja ya sirance. Gefen dutsen da ke rana da safe shi ke inuwa da yamma. Manomi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan: ya san cewa lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, lokacin ne hadari ke haɗuwa, kuma bai taɓa ɗaukar rani abokin gabar damina ba, tunda a rani ake sussuka abin da damina ta shuka.

Wasu ma sun ce mini ja Koriya ta Arewa ce, shuɗi ta Kudu, tunda ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Wannan ba ya tsayuwa, domin tutar ta girmi rabuwar ƙasar da fiye da shekara 60. Ita kanta Arewa ta yi amfani da ita har zuwa 1948, kafin ta yi tata.

Tunanin ya samo tushe daga Sin. Malamin nan Zhou Dunyi, wanda ya rayu daga 1017 zuwa 1073, shi ya yi fitaccen bayani cewa daga teguk motsi ke haifar da yang, idan motsi ya kai iyaka sai natsuwa ta zo ta haifi eum. Malaman daular Joseon ta Koriya sun rungumi wannan ilimi da hannu biyu. A 1568 Yi Hwang, wanda hotonsa ke jikin takardar kuɗi ta won 1000, ya shirya wa matashin sarki Seonjo zane goma na tarbiyyar mai mulki, kuma zanen teguk ya sa a farko. Sai dai Koriyawa za su nuna maka cewa siffar murɗaɗɗiyar da'ira ta daɗe a ƙasarsu kafin nan, har a kan dutsen da ke kufan haikalin Gameunsa, wanda aka kammala a 682.

Mataki na uku: sandunan kusurwa

Wannan ne aikin da ke cin lokaci, kuma nan rula ke aiki sosai. Kowane rukuni na sanduna uku sunansa gwae. Asalinsu takwas ne a tsohon littafin Sinawa na sauye-sauye, wanda Koriyawa ke kira Juyeok, tutar ta ɗauki huɗu. Sanda cikakkiya yang ce, wadda ta karye a tsakiya eum ce.

Ka ɗauki layin kusurwa ɗaya, ka ɗora sifilin rula a cibiya. Bakin da'ira yana kan 6. Ka bar santimita 3 fili, wato kwatan faɗin da'irar. Sannan ka ɗiga alamomi shida: 9 da 10 sandar farko, 10.5 da 11.5 ta biyu, 12 da 13 ta uku. Kaurin kowace sanda santimita 1, tsakanin sanda da sanda rabin santimita, duka rukunin santimita 4.

Sandunan ba a kwance suke ba, ba kuma a tsaye ba. Gicciye suke yi wa layin kusurwa daidai wa daida, kamar matakalar tsani a kan sandarsa. Dabarar da nake yi ita ce in ɗauki kusurwar sabuwar takarda, in daidaita gefe ɗaya da layin, in ja fensir a ɗaya gefen. A kowace alama ka ja santimita 3 ta wannan gefe, 3 ta wancan, tsawon sanda ya zama 6. Idan sanda mai karyewa ce, ka bar giɓin rabin santimita a tsakiyarta, layin kusurwa ya bi ta tsakiyar giɓin. Ka yi haka a kusurwa huɗu. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga sandunansa sun karkace kamar haƙoran tsohon zarto, kuma ido yana kama wannan tun daga nesa.

Ga wanda ke zama a ina. Hagu ta sama Geon ne, sanduna uku cikakku, shi ne sama. Kishiyarsa a dama ta ƙasa Gon ne, ukun duka a karye, ita ce ƙasa. Dama ta sama Gam ne, ta tsakiya cikakkiya, na gefe biyu a karye, shi ne ruwa. Hagu ta ƙasa Ri ne, ta tsakiya a karye, na gefe biyu cikakku, ita ce wuta.

Yaran Koriya da ƙirga suke haddace wannan, kuma ni ma da shi na daina ruɗewa. Ka ƙirga guntaye: Geon 3, Ri 4, Gam 5, Gon 6. Ka fara daga hagu ta sama, ka sauko hagu ta ƙasa, ka haura dama ta sama, ka sauko dama ta ƙasa: uku, huɗu, biyar, shida. Idan kana son tabbatarwa, ka haɗa kowane rukuni da wanda ke fuskantarsa ta kusurwa, dole ka sami 9. Uku da shida tara, huɗu da biyar tara. Jimilla guntu 18. Wani sauƙin kuma, duk huɗun ko ta ciki ka karanta su ko ta waje ɗaya ne, don haka babu fargabar ka juya rukuni baibai.

Ka dubi ruwa da wuta da kyau. Wuta, wadda kowa zai ce yang ce zalla, sandar da ke cikinta karyayyiya ce. Ruwa mai laushi kuwa, ƙaƙƙarfar sanda ce a tsakiyarsa. Duk wanda ya taɓa zura ido a harshen fitilar kwai ya ga duhun da ke kusa da lagwani, duk wanda ya taɓa tsallaka rafi da damina ya ji ƙarfin da ke ƙarƙashin ruwan da ke kwance lumui. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da ke cikin tutar, kuma abin da ɗigo biyun nan ke faɗa a tambarin Sinawa, ga shi nan sanduna sun faɗe shi.

Mataki na huɗu: launi

Ka fara da ja, ka bari ya bushe sarai, sannan shuɗi, baƙi a ƙarshe. Idan ka haɗa ja da shuɗi suna ɗanye, bakin lanƙwasar zai koma ruwan hanta, duk wahalar kamfas ta tashi a banza. Ba a zagaye da'irar da baƙin layi, ba a kuma sa farin layi tsakanin launukan biyu, da ma wannan farin ratsin ne ke sa wasu su ɗauka tambarin Pepsi ne. Jan mai haske ne, shuɗin mai duhu. Gwamnatin Koriya ta ƙayyade ainihin launukan a 1997, don haka mai buga alluna ya nemi ma'aunin hukuma maimakon ya zaɓa da ido. Bayan komai ya bushe sai ka goge layukan fensir.

Idan tela ne zai ɗinka a yadi, ya yanka samfurin a kwali tukuna. Samfuri ɗaya ya isa ga ja da shuɗi, juya shi kawai ake yi. Ya bar ɗan rara na kalmasa, ya kuma ɗan tsattsaga rarar a inda ta lanƙwashe don kada ɗinkin ya tattare.

Rataya ta

A kwance, ja yana sama, sanduna uku cikakku suna hagu ta sama, kusa da sandar tuta. Idan za a rataya ta a tsaye, ana juya ta ne zuwa dama, yadda Ri zai koma hagu ta sama. Ana ɗaga ta a ranakun ƙasa, irin su 1 ga Maris, 15 ga Agusta ranar samun 'yanci daga Japan, 3 ga Oktoba da 9 ga Oktoba. Ranar 6 ga Yuni, ta tunawa da waɗanda suka mutu don ƙasa, ana sassauto da ita ƙasa da kan sanda.

Dalilin da ya sa malamin ɗana ya ƙi rataya ta a juye yana cikin tarihinta. An yi amfani da tuta mai teguk a 1882, lokacin da Joseon ta ƙulla yarjejeniya da Amurka, kuma a shekarar ce jakada Park Yeong-hyo ya tafi Japan da tuta mai teguk da gwae huɗu. Sarki Gojong ya ayyana ta tutar ƙasa a watan Maris na 1883, amma bai ƙayyade ma'auni ba, shi ya sa tsofaffin tutoci kowace da irin murɗinta, wasu ma sandunansu shuɗɗa ne. Sai 15 ga Oktoba 1949 aka tsayar da fasalin da ka gama zanawa yanzu.

Tsakanin 1910 da 1945 Japan ce ke mulkin Koriya, kuma riƙe wannan tuta kan iya kai mutum kurkuku. A boren 1 ga Maris 1919 mutane sun zana ta da hannu a ɓoye suka fito da ita kan titi. Wata ɗaliba, Yu Gwan-sun, ta raba tutoci a kasuwar Aunae da ke Cheonan ranar 1 ga Afrilu na shekarar. An kashe iyayenta biyu a wurin, ita kuma ta rasu a kurkukun Seodaemun a 1920 tana da shekara 17. A 2009, ana gyaran wani ɗaki a haikalin Jingwansa da ke Seoul, sai aka tarar da wata tsohuwar tuta a ɓoye cikin bango, an naɗe takardun 'yan gwagwarmaya a cikinta. Da aka duba sai aka ga tutar Japan ce, wani ya ɗauki tawada ya rufe rabin jar da'irar, ya ƙara sanduna a kusurwoyi, ya mayar da ita Tegukki. Duk lokacin da na zo shafa shuɗi a ƙasan da'ira sai na tuna da hannun nan.

Inda za ka ci gaba da ganinsa

Da zarar hannunka ya saba, idonka zai fara tsinto teguk a wurare da yawa. A finafinan tarihin Koriya da ake kallo a gidajenmu, ka lura da manyan ƙofofi, da fuskar ganga, da mahuci. Sau da yawa za ka ga mai launi uku, ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Wannan shi ne samteguk: sama, ƙasa da ɗan Adam a tsakaninsu. Daga gare shi aka ciro tambarin gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Wannan ukun ne kuma aka gina wasulan Hangul, rubutun Koriyawa, a kansu a zamanin Sarki Sejong: ɗigo sama, layi a kwance ƙasa, layi a tsaye mutum. Mai son zana samteguk ya raba bakin da'ira gida uku daidai, daga kowace alama ya zana rabin da'ira zuwa cibiya da buɗin kamfas na ƙaramar da'ira, duka ukun su lanƙwasa ta fuska ɗaya.

A bikin aure na gargajiya amarya ja take sawa, ango shuɗi, fitilun da ake riƙewa ma ja da shuɗi ne. 'Yan ƙwallon ƙasar, waɗanda suka yi 2 da 2 da Najeriya a Durban a gasar cin kofin duniya ta 2010, laƙabinsu mayaƙan teguk.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne tekwando, wasan da Issoufou Alfaga na Nijar ya ciyo azurfa a cikinsa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya a 2017. Jerin motsin da ɗalibi ke haddacewa kafin ya kai baƙar ɗamara guda takwas ne, sunansu Teguk na ɗaya zuwa na takwas, kowanne da gwae ɗinsa. Na ɗaya Geon ne, na uku Ri, na shida Gam, na takwas Gon. Idan kana da yaro a wasan, ka ba shi tutar da ka zana ya nuna maka sandunan darasin da yake kai. Nawa yana kan na uku, ya ɗora yatsa a hagu ta ƙasa, sannan ya matsar da tabarma ya yi mini motsin a tsakar gida.